Na ɗora zanen wuyan riga a Instagram, yanzu yana yawo a kasuwa da sunan wani

Mai Zane, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana shari'a da ke nan, da 'yan uwa masu cin abinci da allura da zare.

Sana'ata zanen aikin kwamfuta ne, wanda teloli ke ce ma monogiram. Ba na yanka, ba na haɗa riga. Nawa shi ne in zana aikin wuya da aljihu da bakin hannu a takarda, in shigar da shi manhajar zane ta Wilcom, in fitar da fayil ɗin DST da injin zai karanta. Kowace lanƙwasa sai ka zaɓa mata inda zare zai kwanta, ka san yawan ɗinkin da shadda za ta ɗauka ba ta tattare ba, ka shimfiɗa ɗinkin ƙasa kafin na sama, ka tsara inda allura za ta tashi ta sauka don kada bayan riga ya cika da zare. Zanen da ya zauna daram a kan Getzner, in ka kai shi kan yadi mai laushi sai ya ja wuyan ya karkace, dole ka sake lissafi daga farko.

Kafin azumin bara na fitar da wani aikin wuyan kaftani. Siffar hasumiyar Gobarau na ɗauka, yadda take hawa-hawa tana tsukewa sama, na jera ta a gefe biyu na tsagar wuya, na sa ƙaramin dagi a ƙasan maɓalli na ƙarshe. Ɗinki wajen 38,000 ne, zare kala biyu. Ƙyallaye da yawa sun tafi wajen gwaji kafin kusurwoyin hawan su fito da kaifi, don wajen nan ne zare ke son taruwa ya yi ƙulli. Da ya yi yadda nake so, na ɗauki hoto da bidiyo da wayata, na ɗora a Instagram da sitatus, da sunan shagona a ƙasan hoton. Alhamdu lillahi aiki ya shigo daga cikin gari, da Dutsin-ma, da Funtua, har Kaduna.

Kafin babbar salla sai ga aikin a jikin ɗinkakkun kaftanai a kasuwa, rataye a jere, da zare mai sakin kala, a kuɗin da bai kai rabin nawa ba. Sannan wani shafi ya ɗauki hotona kansa, ya yanke ƙasan inda sunana yake, ya rubuta wai sabon aikinsu ne. Na uku kuma shi ya fi ɗaure mani kai: wani abokin sana'a ya turo mani tarin fayiloli da ake sayarwa a wani guruf na masu inji, na buɗe na ga nawa a ciki. Ba kwaikwayo ba, fayil ɗina ne, don na san inda na sa allura ta fara da inda ta ƙare.

Abin da ya fi yi mani ciwo, wani dattijo da na yi ma aikin ya zo shago ya ce, cikin mutunci, ashe abin da ke zube a kasuwa na caje shi haka. Na rasa ta inda zan fara bayani.

To shin dokar ƙasar nan ta san da irin aikinmu? Kuma in daina ɗorawa ne? In na daina ban san ta inda kwastoma zai gan ni ba, don shagona cikin lungu yake, wayar nan ita ce ƙofar shagona.

Uwargida mai abaya, Goruba

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka yi haƙuri, duk mai fitar da sabon abu a garin nan ya sha wannan. Ni abaya da dogayen riguna na amare nake yi. Kada ka daina ɗorawa, amma ka canza lokacin ɗorawar. Ni sabon ɗinki ba ya hawa shafina sai na kai ma waɗanda suka fara oda, na kuma tanadi yadin da duwatsun na wasu. Kafin mai kwaikwayo ya nemo kayan, na ci kasuwar farko. Na salla kuwa sai goman ƙarshe nake sakinsa a fili, kafin nan tsofaffin kwastomomina kaɗai ke gani.

Sunanka kuma ka daina sa shi a ƙasa. Ka sa shi a tsakiyar aikin, shara-shara, yadda in an yanke shi an yanke wuyan rigar. Kuma kada ka ɗauki hoton gaba da gaba yana shimfiɗe a tebur, wannan shi mai Wilcom ke so ya bi layi. Ka ɗauka a jikin mutum, daga gefe.

Maganar shafin da ya ɗauki hotonka, Instagram na da fom na kai ƙarar satar hoto. Na taɓa cikawa, na sa adireshin nawa da na wadda ta ɗauka, suka sauke nata. Hoton kaɗai suka sauke, ɗinkin tana nan tana yi.

Tsohon maɗinki, Daura

Yarona, ni da hannu na koyi aikin babbar riga, tun ana zana shi da alƙalami da tawada a jikin yadi kafin a sa allura. Ina da tambaya gare ka, kada ka ɗauke ta da zafi. Dagin da ka sa a ƙasan maɓalli, wa ka biya? Hasumiyar da ka kwaikwaya, wa ya ba ka izini? Aska takwas da aska biyu da tambari mun tarar ana yi, waɗanda muka tarar su ma sun tarar. Da wani ya riƙe su ya ce nasa ne, da ba a ga rigar da za a hau doki da ita ranar sallar Gani ba.

Amma ba na goyon bayan abin da aka yi maka. A da in mutum ya fito da sabon salo, za a kwaikwaya, sai dai kowa ya san hannun wane ne, kuma in aka tambaye ka za ka ce wurin wane na gani. Mai kwaikwayon ma sai ya zauna wata da watanni yana huda yatsa, guminsa na ciki. Yanzu ka ce mutum na ɗaukar aikinka cikin filash ya zuba ma inji ya tafi shan shayi. Wannan ban san sunan da zan ba shi ba in ba sata ba. Ka bincika yaranka na shago da wanda kake kai ma bugu. Fayil ba ya fita da ƙafarsa.

Barista, Katsina

Mai Zane, abubuwa uku ka kawo, kuma doka ba ta kallonsu da ido ɗaya, shi ya sa mutane ke ruɗewa.

Mafi sauƙi shi ne hoto da bidiyo. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa ma hannu a watan Maris na 2023, ta ba wanda ya ɗauki hoto haƙƙinsa tun daga lokacin da ya ɗauka, ba sai ya yi rajista ba. Kariyar hoto shekara 50 ce daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi. Ɗorawa a Instagram ba ta raba ka da haƙƙin nan. Sharuɗɗan da ka amince da su ranar buɗe shafi sun ba kamfanin izinin nunawa da yaɗawa a dandalinsa, ba su ba kowane mai waya izinin ɗauka ya yi talla ba. Saboda haka abin da Uwargida ta faɗa daidai ne, ka cika fom ɗin. Kafin ka cika, ka ɗauki sikirinshot na shafin da kwanan wata, ka adana ainihin hoton da ke wayarka, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba. Dokar 2022 ita ma ta tanadi cewa mai haƙƙi na iya rubuta ma mai dandali ya sauke abin da aka sata. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana kuma karɓar rajista ta intanet ga wanda ya ga dama. Takardarta hujja ce mai amfani a kotu, ba ita ke haifar da haƙƙin ba.

Zanen kansa kuma, a nan ne labarin ba daɗi, kuma gara ka ji shi yadda yake. Zanen da mutum ya yi don a rataya a bango yana da kariya duk rayuwarsa da shekara 70 bayan mutuwarsa. Amma zanen da tun farko aka yi shi da niyyar ya zama abin da za a riƙa bugawa da inji ana maimaitawa, dokar haƙƙin mallaka ta cire hannunta daga kansa, ta tura shi ga wata doka, ta 1970, mai kula da ƙirƙira da zanen kayan masana'anta. Aikin monogiram da ake zuba ma inji ya buga hamsin ko ɗari, da wuya lauyan wancan ɓangare ya kasa cewa nan ya faɗa. Ita wannan doka ba ta ba ka komai sai ka yi rajista a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Rajistar shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu, jimla 15. Sharaɗinta kuwa zanen ya zama sabo, wato bai taɓa fita ga jama'a ba a ko'ina kafin ranar da ka shigar da takarda, ko da kai ne ka fitar da shi. Ta yi rangwame ga wanda ya nuna kayansa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata 6 kafin nema. Sitatus da Instagram ba sa cikin wannan. A Amurka da Tarayyar Turai ana ba mai zane shekara guda bayan ya nuna ya je ya yi rajista. Mu ba mu da wannan sassauci. Ke nan ranar da bidiyon Gobarau ya hau shafinka, ƙofar rajistarsa ta rufe.

Ɗorawar tana da rana ta wani gefen. Ofishin rajista ba ya bincikar ko zane sabo ne kafin ya ba da takarda, sai an je kotu ake warware wannan. In wani cikin masu bugawa ya je ya yi rajistarsa da sunansa ya dawo yana hana ka, kwanan watan da ke jikin abin da ka ɗora shi zai rushe takardarsa. Kada ka goge shi.

Maganar Baba na Daura ita ma tana da gurbi a doka. Salon gargajiya irin aska takwas da dagi ba na mutum ɗaya ba ne, dokar 2022 ta sa su cikin kayan al'adun jama'a, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ce ke kula da su. Ra'ayin a sa Gobarau a wuyan riga ma ba wanda zai mallake shi. Gobe wani na iya zuwa ya kalli hasumiyar ya fitar da nasa. Abin da ake iya karewa shi ne tsarin layukan da kai ka shirya.

Na uku, fayil. Wannan ba ta hoto ya fita ba, wani da ka amince da shi ne ya fitar. Maganarsa ta amana ce da yarjejeniya, kuma ƙarfinka a nan ya danganta da abin da kuka yi da wanda ka ba.

Shari'ar haƙƙin mallaka da ta zane a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, akwai reshenta nan Katsina. Ba zan ɓoye maka ba, kuɗin da za ka kashe kan wuyan riga ɗaya zai iya wuce ribar da aka ci da shi. Wasiƙar lauya, ko zama gaban shugabannin ƙungiyar teloli, sau da yawa ya fi saurin kawo biyan buƙata.

Mai Zane, Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganarka gaskiya ce, dagi ba nawa ba ne, Gobarau kuwa ta girmi kakan kakana. Ban taɓa jin haushin wanda ya ga aikina ya zauna ya fitar da nasa ba, ni ma da kallon rigunan manya ranar hawan salla idona ya buɗe. Wanda ya yanke sunana da wanda ya sayar da fayil ɗina su ne damuwata.

Barista, bayaninka ya sa jikina ya yi sanyi, don a ce ranar da ka nuna abu ranar ka rasa shi, alhali in ba ka nuna ba ba za ka ci ba, wannan doka ba da irinmu a zuci aka rubuta ta ba. A 1970 mai zane yana da masaƙa a bayansa, ana rajista kafin atamfa ta fita. Ni kuwa a wata ina iya fitar da zane da dama, ban san wanda zai karɓu ba sai na ɗora mutane sun yi magana. Wanne zan kai Abuja, wanne zan bari?

Game da fayil, injina mai kai ɗaya ne. Lokacin salla aiki ya yi mani yawa, sai in kai bugu wurin masu manyan inji, in ba su filash, su buga su dawo mani da shi. Ba takarda tsakaninmu, haka kowa ke yi. Ba zan ɗora ma kowa laifi ba tunda ban gani da idona ba. Akwai kuma wani alhaji da ya ce in zana mashi aiki nasa shi kaɗai na bikin ɗiyarsa, ya biya da kyau. Wannan nawa ne ko nasa? Sannan an ce mani an ga na Gobarau a Maraɗi. In mutum ya yi rajista a nan, tana aiki can?

Malam, Rafin Daɗi

Bari in sa baki ta fuskar addini, don wasu na cewa ai zane ba dukiya ba ce, ba a rage maka komai ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna kan wannan a Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamar kasuwanci da haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya, ba ya halatta a yi masu ta'adi. Akwai malaman da suka saɓa, galibi saboda tsoron a kulle littattafan ilimi, amma ko su ba su halatta ƙarya ba. Wanda ya yanke sunanka ya ce aikinsa ne, hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Wanda aka ba filash don ya buga riga ashirin ya kwafe ya sayar, amana ya ci. In ka gano shi, ka fara samunsa kai da shi kafin ka kai maganar gaba, ka ba shi damar ya gyara.

Barista, Katsina

Kan wanne za ka kai Abuja: ba duka ba. Doka ta yarda takardar nema ɗaya ta ɗauki zane har 50 in na kaya iri ɗaya ne. Ka ware waɗanda kai ka san ka zuba ƙarfinka a kansu, irin na salla, ka shigar da su tare kafin ko ɗaya ya hau waya. Ranar shigarwa ce ake dubawa, daga nan kana iya ɗorawa. Sauran na yau da kullum ka sake su, ka bi shawarar Uwargida. Kuma ni da zan zaɓa maka abu ɗaya da za ka fara kashe ma kuɗi, sunan shagonka ne. Rajistar sunan kasuwanci da ake yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban take da rajistar alamar kasuwanci. Ta biyun ita ke ba ka ikon hana wani liƙa sunanka ko tambarinka a kayansa, shekara 7 ce da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ka sa lebul a cikin wuyan duk rigar da ta fita daga hannunka. Dattijon da ya zo shagonka, da akwai lebul da zare mai kyau da zai juya ya gani, da bayanin ya zo maka da sauƙi.

Aikin alhaji: a dokar 1970, zanen da aka yi bisa kwangila na wanda ya ba da aikin ne, haka na ma'aikaci na maigidansa ne. Don haka kada ka sayar da shi ga wani, kada ma ka ɗora hotonsa sai ka tambaye shi. Nan gaba ka rubuta a jikin rasit ko kuɗin na riguna ne kaɗai, ko har da mallakar zanen, ko kuma nasa ne shi kaɗai na wata shida sannan ya dawo gare ka. Farashin ukun bai kamata ya zama ɗaya ba.

Maraɗi kuwa rajistar Najeriya iyakarta Jibiya. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira da zane mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, ƙasashe 17, rajista ɗaya ta game su, Najeriya ba ta ciki. Hotonka dai yana da kariya can, don ƙasashen biyu duk sun shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka.

Masu manyan inji, kafin sallar bana ka rubuta layi huɗu da Hausa: sunan zanen, adadin rigunan da za a buga, cewa ba za a kwafe ko a ba wani ba, kuma za a goge shi daga injin in an gama. Ku sa hannu da shaida ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya. Ka ba su DST kaɗai, ainihin fayil ɗin Wilcom da ake iya gyarawa ya tsaya a kwamfutarka. In wurare biyu kake kai bugu, ka ɗan bambanta wani ɗinki na ƙasa a kwafin kowa, inda ido ba ya gani, ka rubuta a littafinka wanda ka ba wane. In ya sake fita, za ka san ta hannun da ya bi.